Buzun Madugu

A kan allon aji, hanyar Gwanja ba ta wuce tsawon hannuna ba. Na daɗe ina zana wa 'yan sakandare ita da alli: ga Zazzau, ga Yawuri inda fatake ke ƙetare Kwara, ga Zugu, ga Yandi, ga Salaga inda ake sauke kanwa da jar fata a ɗauko goro. In na gama sai in kakkaɓe hannu kamar ni na share hanyar. Sai da na tsinci kaina a bayan wata akori-kura a ƙasar Benin, tsakanin buhunan albasa da wata akuya da ta ƙi jinina, sannan na san alli maƙaryaci ne.

Ba yawon ganin tarihi ya fito da ni ba. Mahaifina, Malam Tanimu na unguwar Limancin Kona a Zariya, bai taɓa ganin nasa mahaifin ba. Yana ciki Madugu Dalhatu ya ɗaure kaya ya nufi Gwanja, bai sake dawowa ba. Magana ce ta dawo a madadinsa: wai ya auri 'yar mai tsafi a Salaga, ya ajiye salla, ya mutu aka binne shi yadda suke binne nasu. A unguwa irin tamu, inda kowane zaure akwai malami da littattafansa, irin wannan magana ba ta mutuwa. Baba ya karantar da rabin unguwar, amma in gardama ta yi zafi sai ka ji wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗan wanda ya ɓace a Gwanja." Shi kansa Baba ban taɓa jin ya kira sunan mahaifinsa ba. "Mutumin nan" yake ce masa.

Da ya tsufa idonsa ya tafi, sai ya kira ni a farkon dogon hutu ya ce, "Lawal, kullum ina roƙa wa mutumin nan gafara, kullum kuma zuciyata tana tambayata ko ya halatta. Je ka ka gano mini ko ya mutu yana salla. Kada ka daɗe, kana dai ganin yadda nake."

Ina iya bi ta Legas in huta. Girman kan malamin tarihi ya sa na ce sai tsohuwar hanya.

A Zugu wani direba mai daɗin baki ya rantse mini cewa har Yandi zai kai mu. Da muka isa wani ƙauye kusa da iyaka ya ce kowa ya sauka ya yi salla. Muna sallamewa muka hango bayan motar tana komawa inda ta fito. Allah ya sa jakata tana hannuna. A iyakar Gana kuma wani jami'i ya juya fasfona ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ku ne kuka kore mu daga ƙasarku da jakunkuna a ka, ko?" Na ce ni ko kaza ban taɓa kora ba. Ya bar ni a kan benci rana tana dukana har ya gaji da ganin fuskata.

A Yandi wata mai koko ta ji ina tambayar motar Salaga, ta ce, "Malam, Hausar nan taka ta gida ce. Daga ina?" Na ce Zariya. Ta cika mini kwano ta ɗora ƙosai, ta ƙi karɓar komai. Ta ce kakanta Bakano ne, kuma ya bar musu wasiyya cewa duk inda suka ga Bazazzagi su ciyar da shi, don bawansu ne. Na ce ai Bakano bai taɓa ba da abu kyauta ba, lallai an canza mata kaka a hanya. Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Rabona da dariya tun Yawuri.

Salaga ta ba ni kunya da farko. Garin da nake cika wa yara baki da shi, sai ga shi ɗan ƙaramin gari mai jan laka, ga tsofaffin rijiyoyi birjik ciyawa ta rufe bakinsu. Amma da na ambaci Madugu Dalhatu a tasha, mutum uku suka nuna hanya ɗaya. Wani dattijo ya rako ni har gidan Madugun, ya riga ni shiga zauren ya sanar cewa ga wani malami daga Zazzau, wai jikan Madugu ne.

Na shiga na tarar da maza zaune kashi biyu, waɗansu a dama waɗansu a hagu, ba mai kallon wani. A tsakiya, jikin bango, ga wani tsohon buzu a shimfiɗe, duk ya ƙoƙe, ba kowa a kansa. To, a gidanmu in baƙon malami ya zo, buzu ake ba shi. Na ce a raina, kai, mutanen nan sun san darajar ilimi. Na tuɓe takalmi, na yi sallama, na tafi kai tsaye na harɗe a kai.

Wani mai ƙiba da ke gefen dama, wanda daga baya na san sunansa Saidu, ya ga lokacin da na nufi buzun. Na ga bakinsa ya buɗe, sannan ya rufe shi. Can sai wata mata ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Mazan nan duka suka zame daga kujerunsu suka durƙusa.

Abin haushin shi ne na san wannan. Ni da bakina na sha gaya wa ɗalibai cewa a ƙasar Gwanja sarauta a kan fata take, wanda ya zauna a kan fata ya karɓi mulki. Amma a kaina fatar zaki nake gani a fada, da tambura. Ban taɓa kawo fatar tsohon rago a zauren talakawa ba. Ashe mai gidan, ɗan da Madugu ya haifa a can, ya rasu tun kafin damina, kuma 'ya'yansa, su Saidu, sun rabu biyu a kan wanda zai gaje shi. Kowane ɓangare ya gwammace baƙo a kan ɗan'uwansa. Ga ni kuwa jikan Madugu ta wajen babban ɗa. Na raba musu gardamar da mazaunaina.

Saidu ya matso ya ce, "Maigida, sannu da zuwa gidanka."

Na ce, "Malam Saidu, kuskure ne. Ni saƙo aka aiko ni, jibi zan koma."

Ya ce, "Wanda ya zauna ya zauna. Kuma wanda ya zauna ba ya rabuwa da fatar ya kwana a wajen gari sai sabuwar doya ta sake zagayowa. In ya fita, ƙasa za ta yi fushi da gidan."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa ne. Ni kaɗai na yi ta.

Washegari suka kai ni kabarin Madugu a bayan gida, ƙarƙashin wata tsamiya. Tudun ya daɗe da bajewa, ba ka iya cewa ga kai ga ƙafa, balle ka san ko ya fuskanci alƙibla. A gindin tsamiyar ga wata tukunya a kife, gashin kaza ya manne a jikinta. Na tambaya wa ya yi masa salla. Suka ce duk wanda ya ga ranar ya riga ya bi shi lahira.

Na ce to, na ga abin da zan gani, na ɗauki jakata na tafi tasha. Direban Tamale ya ce mota ta cika, alhali ina ganin kujeru. Na Yandi ya ce taya ba ta da kyau. Na ukun ya fi su gaskiya, ya ce, "Maigida, ina da 'ya'ya. Motar da ta fitar da mai fata ba ta kai wa inda za ta." Na ce masa ni Musulmi ne, shi ma ga carbi a wuyan madubinsa. Ya ce haka ne, amma hanyar ba ta da kyau, ba ya son ƙari.

Haka na zama mai gida a gidan da ban san ko makewayinsa ba. Kullum da hantsi a zaunar da ni a kan buzun, a kawo mini ƙarar akuyar da ta ci rogon wani, ko iyakar gonar doya, rabi da Hausarsu rabi da Gwanjanci. In na yi shiru don ban gane ba, sai su ce Maigida yana da zurfin ciki. In na yi tsaki, su ce jinin Madugu ne. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya. Kullum sakwara da naman daji, cinyar kaza tawa ce. Ni kuwa tuwon dawa da miyar kuka nake mafarki, da lungunmu inda babur biyu ba sa wucewa tare, da yadda kiran salla ke tashi daga masallaci ya faɗa wani har ya zagaye birni. Na tsani buzun nan kamar yadda ban taɓa tsanar wani abu ba. Wata rana la'asar ta same ni a zaure na miƙe zan yi salla a kansa, Saidu ya yi wuf ya miƙo tabarma. Ya ce tun rasuwar Madugu ba a tsayawa a kansa, zama kawai ake yi.

Da yamma nakan zagaya tsohuwar kasuwa, mutum biyu suna biye da ni don girmamawa. Suka nuna mini inda ake ɗaure bayi a da, da rijiyoyin da ake yi musu wanka kafin ciniki. A aji layi ɗaya nake ba wannan a ƙasan goro da kanwa. A nan na daɗe tsaye. Na yi tunanin ayarin kakana ma ta nan yake bi, kuma ban san me ke cikin kayansa ba.

Hutu ya ƙare ina can. Aikin bai dame ni ba kamar Baba. Sai ga wani falken shanu ɗan Ƙofar Doka ta Zariya ya sauka a garin. Na rungume shi kamar ɗan ɗakinmu. Ya ce, "Malam Lawal, kai ake ta cigiya. Malam Tanimu ya daina fita masallaci, ƙafa ta kumbura. An ce ko iska ce ta taɓa ƙofar zaure sai ya ce, Lawal ne?" Na roƙe shi ya saka ni a motar shanunsa. Ya sunkuyar da kai ya ce mai masaukinsa surukin Saidu ne, in ya yi haka ya gama ciniki a Salaga.

Da gari ya waye na rataya jaka na kama hanyar Tamale a ƙafa. Na ce in ga wanda zai riƙe ni. Ba wanda ya riƙe ni. Da na waiwaya sai na ga gidan duka a bayana, maza da mata, suna tafe shiru. Saidu ya cim mini yana haki ya buɗe laima a kaina. Na ƙara sauri, suka ƙara. A can baya akwai wani tsoho mai sanda, shi ne mai ƙasa, wanda ke kula da tukunyar nan. Yana jan ƙafa, yana faɗuwa ana tayar da shi, bai fasa ba. Da ƙarfi suka zo mini da na san abin yi. Amma an haife ni a gidan da ba a barin tsoho yana bin ka a rana. Na tsaya a tsakiyar titi na yi ta zagin kaina, sannan na juya. Saidu ya juya da laimarsa.

Ranar ban zauna a zaure ba. Na shige cikin gida na zauna a bakin murhun Gwaggo Azumi, 'yar Madugu, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa na can. Tsohuwa ce 'yar firit, tana salla biyar, kuma ita ke ba da kazar tukunya. Tun zuwana nake gaishe ta a tsaitsaye saboda wannan. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta kamar ba ta gan ni ba. Ni kuwa, ƙato da ni, sai hawaye.

Ta ce, "Ɗana, abincinmu ne ba daɗi?"

Na ce, "Gwaggo, ubana zai mutu yana jirana."

Ta ajiye gyaɗar. Ta ce, "Yayan nan nawa, kamar wa yake? Dogo ne?"

Na ce dogo ne, siriri, yana da wushirya. Ta buɗe baki ta nuna mini tata, a tsakanin haƙoran da suka rage. Ta sa na ba ta labarinsa tun daga kan gorin da ake yi masa har zuwa saƙon da ya aiko ni. Ba wanda ya taɓa gaya mata dalilin zuwana, maza sun riƙe abinsu a zaure.

Na ce, "Ke kin gan shi yana salla?"

Ta ce, "Da zan yi maka ƙarya da na yi. Ana yaye ni aka kai ni riƙo ƙauye wajen 'yar'uwar uwata, haka ake yi a nan. Sai da na isa ɗaukar tulu aka dawo da ni, an riga an rufe shi. Tukunyar nan uwata ta ajiye, don kada ƙasa ta ƙi baƙo. Abin da na sani nasa ɗaya ne, fatar da kake zama a kai. Ragon da kakana mai tsafi ya ba shi ne ranar da aka haife ni."

Ta miƙe da kyar ta ɗaura gyale ta nufi zaure, inda mata ba sa shiga. Ta tsaya a bakin ƙofa ta sa aka kira mai ƙasa da ɓangarorin biyu.

Ta ce, "Ku da kuka san al'ada, ku gaya mini. A ina aka taɓa ganin ɗa ya hau fata ubansa yana raye, uban bai ɗora hannu a kanta ba? Babban ɗan Madugu yana nan da ransa a Zazzau. Kun tsallake shi kun ɗauki yaro, kuna tsoron fushin ƙasa. Wannan ba ya ba ku tsoro?"

Saidu ya ce, "Gwaggo, ai ba ya iya zuwa."

Ta ce, "To fatar ta je. An ce kada yaron nan ya rabu da ita, ba zai rabu da ita ba. Kai kuma Saidu, na ji labarin bakinka da ya buɗe ya rufe."

Saidu ya shiga gyaran hula. Mai ƙasa ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa, sannan ya ce tsohuwa ta yi gaskiya, amma fatar ta dawo kafin sabuwar doya. Na yi alkawari, kuma na cika shi daga baya. Shi da kansa ya naɗe ta ya ɗaure da igiyar rama. Direban da ke da 'ya'ya shi ya ba ni gidan gaba. Gwaggo ta damƙa mini ƙullin farin goro ta ce in ce wa yayanta ƙanwarsa tana gaishe shi, kuma ta yafe masa rashin zumunci.

Ta Legas na dawo, girman kan ya ƙare. Amma duk tsawon hanyar ban ji daɗin kuɓuta ba, don hannu wofi nake komawa. Me zan ce masa? Na ga kabari ba kai ba ƙafa, da tukunya mai gashin kaza? Na shirya ƙarya iri-iri, har da sunan limamin da ya yi sallar. Da na hango dutsen Kufena ta tagar mota, duk suka zube.

Na same shi kwance a ɗakinsa na zaure, ya zama kamar kara. Kafin in yi sallama ya ce, "Lawal ne?"

Na durƙusa na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Me ka samo?"

Na gaya masa komai yadda yake, har tukunyar. Na ce babu mai rai da ya san amsar. Ya juya fuska bango, har na yi da-na-sanin gaskiyata. Na ba shi goron, na ba shi labarin ƙanwarsa da wushiryarta, ya ɗan murmusa. Sannan ya ce, "Mene ne wannan mai warin hayaƙi?"

Na ce wata tsohuwar fata ce da ta hana ni dawowa, an ce ya ɗora hannu a kai. Na gaya masa asalinta, da ragon mai tsafi, da yadda ba a tsayawa a kanta tun rasuwar mai ita. Na kwance na shimfiɗa masa a kan cinya.

Ya fara shafawa daga wajen wuya. Yatsunsa suka tsaya a wani wuri da gashin ya ƙare sarai, fatar ta yi sulɓi. Ya gangaro, ya sami wasu biyu a jere. Ya sake gangarowa har bakin wutsiya, ya sami wasu ƙanana. Ya koma sama ya sake bi.

Ya ce, "Lawal, damina guda kana zaune a kan wannan?"

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "Gaskiyar masu magana, baƙo ko da ido makaho ne. Zama a tsakiya yake cin fata. Nan goshi ne. Nan gwiwoyi. Nan yatsun ƙafa. Wannan ba aikin shekara ɗaya ba ne."

Na duba. Suna nan a fili, inda na yi ta kallo ina tsaki.

Ya ce in kawo masa ƙasar taimama, in shimfiɗa fatar gabas. Na ce masa ba a tsayawa a kanta. Ya ce shi ma ba tsayuwar zai iya ba. Na tallafe shi na sauko da shi daga gado, ba shi da nauyin komai. Ya yi kabbara a zaune. Da ya zo sujada na riƙe kafaɗarsa, ya lalubi wurin da yatsa, ya ɗora goshinsa daidai inda gashin ya ƙare. Ya daɗe a haka har na tsorata. Na sunkuya in ji ko yana numfashi, sai na ji muryarsa tana fita a hankali, yana maimaita abu ɗaya.

"Allah ka jiƙan babana."